Wuƙar Lambun Baba

Zuwa ga Baban Bong,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya kai da 'yata. Tarin nata ya lafa? Ka hana ta ruwan ƙanƙara, na san halinka.

Jikin Baba da sauƙi, sai dai hannun daman har yanzu rawa yake. Damina ta wuce, kaka ta shigo mana Hanoi. Kogi ya ja baya, iskar safe ta fara sanyi, unguwa duk ƙamshin ɗanyar shinkafar da ake dakawa. Da ina ƙarama murna nake yi da ita. Bana kuwa babu murna, don na ce maka wata ɗaya zan yi, ga shi damina ta ƙare a kaina.

Yanzu kuma lokacin yi wa itatuwan furen dao na lambun Baba zobe ne. Kai ɗan Saigon, furensu kawai ka sani ranar Tet, bikin sabuwar shekara. Ana zagaye bawon da wuƙa don itacen ya daina tsawo, ya tara ƙarfinsa sai sabuwar shekara. In yankan ya yi zurfi ya mutu, in bai kai ba ya yi ta ganye babu fure. Yaya Dang ya bugo daga Koriya, wai in daure a gama wannan kawai. Haka ya ce lokacin cire ciyawa.

Na yi dabara. Zan yi aikin a karkace, Baba ya fusata ya ɗauko ɗan ƙwadago, ni kuwa in hau jirgi. Kada ka yi mini wa'azi.

Taka,
Lua

Baban Bong,

Ina gaishe ku, ina kewarku ƙwarai. Hoton da Bong ta zana ya iso. Na ga ba ta sa ni a ciki ba.

Dabarata ta rushe. Na durƙusa gaban itacen farko, wanda Mama ta dasa, hannuna ya ƙi yin ƙarya. Da na ɗago kai na gama layin duka. Bayan mako ganyen ya yi laushi ya sunkuya, daidai yadda ake so, ko ɗaya bai mutu ba.

Inna Suu maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana cewa, “Kai tsoho, ka yi ta jiran ɗan Koriya, ashe magajinka zane yake ɗaurawa!”

Baba ya yi dariya, karo na farko tun da ya faɗi. Jiya ya kunna turare gaban hoton marigayi kakana, ya ɗauko wuƙar da ke wurin ya sa mini a tafi. Ka san ba a ba baƙo ita, sai mai zama. Ya ce sauran tsige ganye a wata na sha ɗaya, sannan kasuwa.

Na buɗe baki in ce masa ina da gida. Hannunsa na rawa a kan nawa, sai na ji kaina ina godiya.

Ka mayar da tikitin jirgin. Ka aiko mini da rigar sanyi, mai kaurin.

Matarka,
Lua