Sunan Ɗan Fari a Gaban Alƙali

Daren Laraba, watan Muharram, unguwar Sa'alaba, Jidda

Tun bayan Hajji hukuma ke tsare da ɗana na fari, babu tuhuma, wai ya yi kama da alhazan da suka ƙi komawa gida. Haifaffen Jidda! Yau na tsaya gaban alƙali, na ce a fito da shi ko a faɗi laifinsa. Ya saurara, har ya ɗauki alƙalami.

"Sunansa, ya Hajiya?"

Kunyar ɗan fari, tunda na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Na ce, "Yaron nan."

Magatakarda ya tuntsire da dariya. "Halas, shi ke nan, ki dawo Asabar."

Duk karatuna, ni na ƙara masa kwana a kulle.

Usman. Tun isha'i nake faɗa wa bango, da ƙarfi.