Yanken Rijiyar Tully

Litinin, 14 ga Oktoba

Kilomita 480 yau, jar ƙasa duka. Ni ke tuƙi, Baba na gefena. Za mu duba ƙanwarsa, Gwaggo Beryl, da ke kwance a asibiti can arewa. Shekara talatin ya yi yana jan babbar motar shanu a ƙasar nan, don haka ban tambayi kowa hanya ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Zangon Wirrinda: famfon mai biyu, ɗakuna huɗu, ƙudaje. Mai wurin, Glenys, tana ganinsa ta ce, "Merv, tsohon banza, ashe kana nan da ranka?" Ya yi dariya, ya kira ta da sunan uwarta. Ta dube ni. Na dubi farantina.

Kamar yadda aka saba, ta tambayi hanyar da za mu bi, don ta sanar da zango na gaba. Na ce babban titi, kafin biyar na yamma gobe mun isa. In ba a gan mu ba, can za a nema.

Laraba, 16 ga Oktoba

Baba ya ce akwai hanyar yanke ta Rijiyar Tully, za ta rage mana awa biyu. Na bi. Ban koma na gaya wa Glenys ba, alhali minti ashirin ne kawai a bayanmu. Sau nawa na rubuta wa jarida labarin waɗanda suka yi haka? Na san yadda sakin layi na ƙarshe yake.

11:40, yashi ya riƙe motar har ciki. Waya babu sabis. Ruwa lita 14.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Zafi 43 a inuwa. Mun yi rumfa da bargo. Yanzu ana nemanmu, a titin da ba mu bi ba.

Rijiyar na bayan tudun can, in ji shi, tafiyar rabin awa. Sau uku yana miƙewa zai tafi. Shi ne fa ya koya mini tun ina 'yar shekara shida cewa ba a barin mota, ko me ya faru. Na tuna masa. Ya ce wa ya gaya mini wannan shirmen.

Na ɓoye takalmansa.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Lita 6. Fitsarinsa ya yi duhu. Ya tambaya ko Mama ta gama abinci. Shekara tara da rasuwarta. Na ce saura kaɗan.

Da hantsi hankalinsa ya dawo na ɗan lokaci. Ya dubi yashin, ya dube ni. "Noelene, ni na kawo mu nan?" Na ce mu biyu ne. Ya ce in sauko da tayar safaya, in sace iskarta tukuna kar ta fashe, in ja ta nesa da ciyawa, in zuba mai in kunna. Daki-daki, ba kuskure ko ɗaya. Hayaƙin ya miƙe sama baƙi ƙirin.

Bayan nan ya sake neman takalmansa.

Asabar, 19 ga Oktoba

Clarrie, mai zagayen duba famfunan ruwan shanu, shi ya hango hayaƙin jiya, da la'asar ya zo ya ja mu zuwa Wirrinda. Ya ce an toshe Rijiyar Tully tun kafin a haife shi, kuma kilomita sittin take daga inda muka maƙale. Glenys ta wanke ni tas a gaban direbobi, sannan ta soya mana ƙwai. Wata nas ta zo ta ƙara wa Baba ruwa leda biyu.

Litinin, 21 ga Oktoba

Mun kama hanya. A mararraba ya nuna hagu da haɓa, ya ce nan ne. Na ce, "To, Baba," na miƙe abina. Ya juya yana kallon taga.

Ba wani abu ba ne. Titin ya fi kyau, shi ke nan.