Yarinyar da Kullum Ta Ƙoshi

Assalamu alaikum Anti, da masu karatu. A sakaya sunana, kuma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na yi shekara talatin ina duba jarrabawar yara, na san saurin hannun mai ba da maki.

Ni malamar firamare ce a Jekadafari, na yi ritaya. Na rubuta ɗan littafin yara kan wata 'yar riƙo da matar gida ke gallaza wa. Ana ta yabona, wai na san zuciyar maraya: yadda yarinyar ke tafiya ba a jin sawunta, yadda take cewa "na ƙoshi" tun ba a miƙo mata kwano ba. Ina zan rasa sani? A gidana ta koya. Da yayana ya rasu aka ba ni riƙon 'yarsa, tana shekara shida. Ban taɓa dukanta ba, da wannan nake kare kaina. Amma 'ya'yana kan tabarma suke ci, ita sai sun tashi, a bakin murhu, ƙanzo. Ranar da ta ce, "Goggo, a ƙara mini," na ce, "Ubanki ya bar gona ne?" Ba ta sake roƙona komai ba. A littafin na ba muguwar matar kamannin da ba nawa ba, na rufe da cewa wahala ta mai da yarinyar mai haƙuri da ladabi. Ƙarya ce, sanye da kayan Sallah.

Yanzu tana aure a Tumfure, ma'aikaciyar jinya ce. Makon jiya na je gidanta, 'yarta mai shekara takwas ta zaro littafin daga jakar makaranta. "Kaka, ke kika rubuta ko? Me ya sa yarinyar nan kullum ta ƙoshi? Mama ma haka take. Sai mun gama take ci, a kicin, a tsaye." Uwar ta ci gaba da zuba mini shayi. Ta ce, "Bar Goggo ta huta, labari ne kawai."

Tun ranar, in na kai loma baki sai in ji ana kankare gindin tukunya, ko ni kaɗai ce a gidan. Ga shi makarantar jikar tawa ta gayyace ni in karanta wa yara littafin ranar Asabar, iyaye na zaune. In karanta ƙarshen nan yadda na rubuta shi, 'yar yayana tana kallona? Ko in je in nemi gafararta, alhali na san tun ban rufe baki ba za ta ce "ba komai, Goggo," da muryar da take cewa ta ƙoshi?

Jama'a, me zan yi?