Waƙar Minsharin Malam a Birnin Kebbi

Daren Asabar, ɗakin baƙi

Barci ya ƙi zuwa. Ɗana Sani ya ɗauko ni tun daga Illo, wai in leƙa gidan kiɗan da jikana Bashiru yake waƙa, in ce a bar shi ko a hana shi.

Da munka shiga na tambayi mai tsaron ƙofa, "Ina amarya?" Ya ce babu. Suna hwa? Babu. Mutane sun jeru bisa kujeru, kiɗa kawai sunka zo ji. Ikon Allah.

Sai ga angon nawa Bashiru da jita, ya ja wata waƙa da harshen Dendi a hankali. Waƙata ce ta daka, wadda na ƙaga don tsokanar marigayi mijina Malam, mai minshari har jakin maƙwabta na amsa mishi! Nan ba mai jin Dendi. Wata yarinya kusa da ni tana sharar hawaye, ta ce, "Kaka, waƙar soyayya ce ko?" Na ce, "Sosai, ɗiyata."

Na so in yi dariya, sai na ji nawa idon ya cika. Mi ya kawo haka? Minshari ne hwa.

Da munka hito na ja kunnen Bashiru, na ce, "Ɓarawon miji, ka sace mini waƙa." Ya ce, "Uwargida, saura baiti biyu, na manta."

Gobe Sani zai tambaye ni, ban san abin da zan ce ba. Baitocin dai na riga na ba yaron.