Dama a Kan Hagu

Tokyo, Litinin

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya Baba da yankan shinkafa? Ki gaya wa ɗan'uwana Shohei gemun da ya tara bai karɓe shi ba, ya taimaki garinmu Tsuruoka ya aske.

Mun cika otal maƙil, 'yan mata daga ko'ina a duniya, kowace da sunan ƙasarta rataye a ƙirji. Ba mai kirana Chizuru, sai dai "Japan, ɗaga haɓa." An haɗa ni ɗaki da wakiliyar Venezuela, sunanta Yorgelis. Mama, in kin gan ta za ki ce mu sauran rakiya muka zo gasar kyan nan. Ga ta da tsokana: wai tafiyata a kan dogon takalmi irin ta agwagwar da ta taka ƙaya ce. Ita tun tana ƙarama ake koya mata tafiyar, garinsu kaf ita suka zuba wa ido.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, ba ta cin abinci. In masu kula da mu na kallo sai ta yi ta juya cokali, in mun koma ɗaki ta tauna ƙanƙara. Na miƙa mata dunƙulen shinkafa, ta ce, "Ke 'yar gida, riƙe abinki. Ranar da na ɗauki kambu har ke zan haɗa in cinye." Mun yi dariya, amma da ta miƙe sai da ta dafa bango.

Jibi dukkanmu za mu sa kimono, rigarmu ta gargajiya. Ki gaida kowa.

'Yarki,
Chizuru

Laraba

Mama,

Ina fata kuna lafiya.

Yau masu shirya mu sun yi kaɗan, sai Yorgelis ta ce in sa mata kimonon, tunda ni 'yar mai sana'ar ce. Da ta tuɓe na ga haƙarƙarinta a fili. Tawul ɗin da na naɗa mata a ƙugu don ɗamara ta zauna ya ninka wanda nake naɗa wa kaina. Na gama, na ja baya ina yaba aikina, sai Malama Uehara, babbar mai shirya mu, ta shigo. Farantin fil ya suɓuce daga hannunta. Ta ce, "'Yar nan, wa ya mutu?"

Mama, ɓangaren dama na rigar na ɗora mata a kan na hagu, yadda ake naɗa wa gawa.

Kullum kaina nake sa wa. Sau ɗaya na taɓa tsayawa gaban wani ina naɗa masa riga, ranar da ni da ke muka shirya gawar Kaka. Abin da hannuna ya riƙe ke nan. Yorgelis kuwa tana tsaye, fuska fari fat da hoda, idanu a lumshe don jiri, kuma farar rigar ciki ce ta leƙo a wuyanta. Malama Uehara ta warware ta gyara, ta ce kada in gaya wa kowa. Ita Yorgelis ba ta san me ya faru ba, har tana cewa, "Yaya, na fi ki zama 'yar Japan ko?"

Na san za ki ce kuskure ne. Amma da muka dawo ɗaki ta yanke jiki ta faɗi a banɗaki. Na riƙe wuyan hannunta, jijiyar na bugawa tana tsallake. Da ta farfaɗo ta damƙe ni ta ce, "In kika gaya wa likita cire ni za a yi. Ki rufa mini asiri zuwa Asabar, 'yar'uwa. Da wane ido zan kalli mutanen garinmu?"

Na ce to. Tsoro nake ji, Mama. Ko ina na juya, wuyan rigar nan nake gani.

Taki,
Chizuru

Lahadi

Mamata,

Na gaishe ki, na gaida Baba. Na san kun kalli gasar jiya kun ga ban kai ko'ina ba. Kada ki damu, ko a jikina.

Wataƙila kin lura babu Venezuela a layi. Ni ce sila. Ranar Alhamis da safe na tashe ta, ta daɗe ba ta motsa ba. A ɗan lokacin nan na ga kaina ina naɗa mata riga karo na biyu. Tana buɗe ido na fita ko takalmi babu, na kira likitan gasar. Yana gwada ta ya sa aka kira motar asibiti. Ya ce zuciyarta ta galabaita, da wuya ta jure fitilu da tsayuwar ranar Asabar.

'Yan matan sun rabu biyu. Wasu na cewa hassada ce, na kawar da wadda ta fi kowa a gasar. Wasu kuma na cewa ranta na ceta.

Ɗazu na je asibitin da miyar shinkafa irin wadda kike dama mana in ba mu da lafiya. Tana kwance, an sa mata ruwa. Kafin in dubi fuskarta, wuyan rigar asibitin na fara dubawa. Hagu ne a kan dama.

Ta kalle ni ta ce, "Kin kashe ni, Chizuru." Wannan ne karon farko da ta kira sunana. Daga nan ta juya wa bango fuska. Na ajiye kwanon na fito, na zauna a benci na yi kuka har na gode Allah. Ta yi ta fushi da ni har ta tsufa, Mama. Mai rai ne ke fushi.

Ina nan tafe a jirgin ƙasan Talata. Ki ajiye mini aiki a shago, ina so ki koya mini shirya masu rai.

'Yarki mai ƙaunarki,
Chizuru