Kalmomin da Na Share a Shagon Baba

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma faɗanta na kullum a kan wanda ya bar famfo a buɗe. Gwaggo ta zo da niyyar kwana biyu, ga shi yau sati uku, kuma babu mai ƙarfin halin tambayarta ranar tafiya.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da ke kiran ka kusan kullum. Dalili shi ne kai ba ka barin mutum ya kai aya a waya, ni kuma abin da zan faɗa yana da nauyi a bakina. Maganar shagon Baba ce. Na ji kun gama shawara da Kawu cewa a rufe shi a ba wani haya, Baba ya zauna gida ya huta, tunda ya ba telar nan mai ɗinkin labule ƙoshiyar zaren ƙasa da ba ta keken ɗinkinta ba, ta karya mata allura, ta yaga yadin mutane. Na san don tausayinsa ka yi. Amma Yaya, laifin ba na idon Baba ba ne. Nawa ne.

Ka tuna durowoyin nan ƙanana sama da ɗari huɗu da suka cika bangon shagon, kowace da kayan keken ɗinki a ciki da 'yar takarda a goshinta. Da Baba ya daina ganin ƙaramin rubutu, sai na kai masa tsohuwar kwamfutata, na shigar da duk abin da ke cikin kowace durowa, na sa haruffa manya-manya. In ya rubuta sunan abu, sai ta nuna masa lambar durowa. Matsalar ita ce Baba da yatsa ɗaya yake bugawa, kuma yatsan nan nasa na mai riƙe sukurudireba, in ya nufi harafi ɗaya sai ya taka maƙwabcinsa. Rabin abin da ya nema sai ta ce babu. Ya ce min ya yi shekara arba'in a shagon nan ba wanda ya taɓa ce masa babu sai wannan akwatin.

Sai na ƙara mata wata dabara irin wadda muke yi a ofis. Na sa ta tattara duk kalmomin da ke cikin jerin kayan shagon, ta ƙirga sau nawa kowace ta fito. In aka rubuta abin da ba ta sani ba, sai ta duba wace kalma ce a cikin nata ta fi kusa da shi, bambancin harafi ɗaya ko biyu, ta tambaya ko ita ake nufi. Ban ɗora mata ƙamus ba, domin sunayen da Baba ya raɗa wa kayansa, su kunnen ɓera da haƙorin tsohuwa, ba ƙamus ɗin da ya san su. Da ka ga murnarsa ranar! Duk wanda ya shigo sai ya yi kuskure da gangan don ya nuna masa yadda aikin 'yarsa ke gyara shi. Har mai facin taya na gefe sai da aka kira ya kalla.

To ga inda na yi wautar. A ofis, duk kalmar da ta fito sau ɗaya tak a cikin dubban takardu, cire ta muke yi daga jerin shawarwari, don yawanci kuskuren mai bugawa ne. Sai na yi haka a shagon Baba ba tare da na tsaya na yi tunani ba, ina ji da kaina wai na ƙware. Alhali a wurinsa abin da ya fito sau ɗaya shi ne abu mai daraja, kayan tsofaffin kekuna da aka daina ƙerawa, waɗanda saboda su ake tsallake shaguna goma a zo wurinsa. Kalma sittin da uku na share. Ƙoshiyar matar nan tana ciki. Da yatsansa ya zame, na'urar ba ta da sunan da za ta miƙa masa, sai ta miƙa na wata ƙoshiya da ake yawan saye, wadda bambancinsu bai kai kaurin farce ba. Shi kuwa ya yarda da ita, saboda ni na haɗa ta.

Ban gane ba sai shekaranjiya, da na buɗe inda na'urar ke ajiye duk abin da aka nema. Na ga ranar da matar ta zo ta yi masa tas a gaban mutane. Bayan tafiyarta ya zauna ya nemi ƙoshiyar sau tara, sau takwas na farko na'urar tana nuna masa waccan. A na taran ne ya buga sunan daidai, durowar gaskiya ta fito. Ke nan tun ranar ya san inda matsalar take. Amma da ka kira shi kana cewa lokacin hutu ya yi, sai ya amsa maka da to, Allah ya yi albarka.

Jiya da hantsi na same shi yana goge kanta, na tambaye shi me ya hana shi faɗa. Yana ci gaba da gogewa ya ce, "Na riga na faɗa wa duk layin nan 'yata ce ta yi. Gara a ce idona ne." Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Shi kuma sai ya hau tsokanata wai zan jiƙa masa allurai su yi tsatsa.

Na mayar da kalmomin duka. Mun zauna yana faɗa ina bugawa, kowace sai ya ba ni labarin keken da ta fito daga ciki, har aikin minti ashirin ya cinye mana yini. Na kuma je wurin telar da ƙafata na faɗa mata gaskiya, Baba ya gyara mata kekenta, yanzu tana ɗinki lafiya. Ba na cewa idon Baba garau yake, a'a, kuma zan kai shi a sake auna masa tabarau. Amma hannunsa da kansa suna nan yadda ka san su, kuma in aka raba shi da shagon nan ban san me zai tashe shi da safe ba.

Ranar Asabar Kawu zai kawo mai son hayar. Baba ya fara kwashe durowoyin sama yana zubawa a kwali, don ba ya son ya saɓa maganarka. Na roƙe shi ya dakata, ya ce babban ɗansa ya riga ya yi magana. Don Allah Yaya, kar ka aiko ta bakin Kawu, kar kuma ta bakina. Ka kira shi da kanka.

Ka gaishe min da Anti, ka ce ina nan ina jiran hotunan da ta yi alkawari. Ka shafa min kan Sarkin Surutu da ƙanwarsa mai kumatu. Umma tana gaishe ku, Gwaggo ma haka, har da mai facin taya. Baba ya ce in gaishe ka, in kuma ce maka kar ka damu, zai gama kwashe kayan kafin Asabar. Bai san abin da na rubuta ba.

Wassalam, taka har kullum,
Auta