Wasiƙun da Na Goge

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da jikoki. Yaya ciwon gwiwar? Ni dai da sauƙi za a ce, tunda haka aka saba cewa. Ki yi haƙuri da wannan karkataccen rubutu. Ni da na shekara talatin da biyu ina akawu, ana turo sababbin ma'aikata su ga yadda nake zaunar da harafi a kan layi, yau layin ma ba na ganinsa. Likita ya ce idon hagu ya tafi, na dama kuma da wuya ya kai ƙarshen shekara.

Auta ta zo ranar Asabar, ita kaɗai da sandarta, mota biyu ta hau. Ni ne kawai nake ce mata Auta, duniya Malama take ce mata. Kin dai ji ta a rediyo: ita ce ta mayar da littattafan lissafi zuwa rubutun makafi, yara sama da ɗari biyu sun fita ta hannunta, har akwai lauya a cikinsu. Maƙwabta suna yi mini barka, ina amsawa kamar mai hannu a ciki. Kin san ba ni da shi. Da zazzaɓi ya ɗauke mata gani tana shekara bakwai, ni na ce ta zauna a ɗaki. Marigayiya uwarta ce ta kai ta makarantar kwana ta makafi. Shekara goma sha ɗaya ta yi a can, ban taka ƙofar ba. Kunya nake ji a ce akawu ya haifi makauniya.

Da na gaya mata maganar likita, dariya ta yi, ta ce: "To Baba, barka da zuwa unguwarmu." Ta ciro wani ɗan allon ƙarfe mai ramuka da ɗan tsinke mai kan katako, ta ce za ta koya mini karatu da yatsa tun kafin duhun ya cika. Ta kama hannuna ta shafa, ta ce yatsun nan sun yi kanta, sai an sha wuya.

Na yarda, kuma ina da dalili. Wasiƙu arba'in da ɗaya ta aiko mini daga makaranta, duk da irin rubutunsu na ɗigo-ɗigo. Ban iya karantawa ba, girman kai kuma ya hana ni kai wa wani. Ko ɗaya ban amsa ba. Suna nan a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. Burina ke nan yanzu, in ji abin da yarinyar nan ta riƙa faɗa mini kafin in bar duniya.

Ki gaishe mini da kowa.

Yayanki,
Akawu

Zuwa ga ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na gode da man zafin. Ina fata an sallamo maigidan daga asibiti.

Wata uku ke nan ina karatu. Kowace Asabar Auta tana zuwa, mu zauna a tabarma kusa da taga. Ɗigo shida ne kacal, amma sun fi ƙarfin tsoho. Idan na yi kuskure sai ta ƙwanƙwasa bayan hannuna da yatsa, ta ce a ajinta ɗan shekara shida ma ya wuce nan. Ta kama ni ina leƙen takardar da ɗan sauran idona, ta ce ta ji numfashina ya sauka kusa da takarda, ba a satar amsa a gabanta. Rabon da a yi dariya a ɗakin nan tun uwarta na da rai.

Jiya na ga na iya haɗa kalma, sai na jawo akwatin. 

Kin tuna yadda muke yi a ofis? Takardar da ta yamutse ba ta shiga fayil sai an yayyafa mata ruwa an bi ta da dutsen guga. Bayan rasuwar uwarta, ina kintsa kaya, na tarar da wasiƙun a ƙulle cikin ɗankwali, sun nannaɗe, ga su ƙurji-ƙurji. Sai na ga ba su dace da ajiya haka ba. Na zauna na goge su ɗaya bayan ɗaya, na jera bisa kwanan watan da ke ambulan, na ɗora musu babban ƙamus. A raina girmama su nake yi. Wallahi ko sau ɗaya ban kawo cewa ƙurajen nan su ne maganar ba.

Jiya na ɗora yatsa a ta farko, sumul. Ta biyu, sumul. Na bi arba'in da ɗayan, kamar ina shafa bango. Shekara goma sha ɗaya tana huda takarda da ɗan hannunta, ni kuma na share su a yini guda, har ina jin daɗin aikina ya yi kyau.

Tana zuwa jibi, kuma ta ce in fito da su mu fara da ta farko. Na yi tunanin in ce gara ta cinye su. Amma na gaji da ɓoye mata abubuwa. Ki yi mini addu'a.

Yayanki,
Akawu

Zuwa ga ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara. Allah ya ƙara masa lafiya. Wannan ce ta ƙarshe da za ki samu da biro, domin hasken ya koma kamar fitilar da manta ya ƙare. Da lalube nake bin gefen takardar.

Na gaya mata. Ban yi kwana-kwana ba, na miƙa mata tarin na faɗi abin da na yi. Ta ɗauki ta farko ta shafa daga sama har ƙasa, ta juya bayanta ta shafa.  Can ta ce: "Baba, ka iya guga." Ta so ta yi dariya, muryar ta ƙi. Na roƙe ta ta faɗa mini abin da ke ciki, ta ce ta manta, yarinyar da ta rubuta su ta daɗe da tafiya. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta haɗa mini shayi, ta wanke kofin, ta tafi tun kafin lokacinta. Asabar biyu ba ta zo ba.

A kwanakin nan ba ni da aiki sai shafa takardun. A ta ashirin da uku, can ƙasa inda gefen ya lanƙwashe ciki, ashe dutsen bai taɓa ba. Layi ɗaya ya tsira. Kwana biyu na yi a kansa, ina bi ina dawowa, don babu mai duba mini. Ga abin da ya ce: "an ba ni na ɗaya baba yaushe za ka zo".

Lokacin tana da shekara goma sha uku. Ina ofis ina gyara layi.

Na ɗauki allon da tsinken. Rubutunsu daga dama ake huda shi, a juya takardar sannan a karanta, na ɓata takarda bakwai kafin in samu. Tun safe har rana ta yi sanyi, kalma uku na iya: "ina zuwa litinin". Na ba mai kai wasiƙu. Ban sani ba ko za ta karɓe ni. Shekara talatin da ɗaya ke nan da aka yi mini tambayar.

Gobe ce Litinin ɗin. Mota biyu ce, in ji ta, kuma akwai matakala huɗu a ƙofar makarantar da take koyarwa. Ta bar mini tsohuwar sandarta a bayan ƙofa tun zuwanta na farko, na ƙi taɓawa. Yau na gwada ta daga gado zuwa bakin titi.

Idan na sake rubuto miki, da ɗigo za ta zo. Ki nemi wanda zai karanta miki, kada ki ji kunya. In ta yamutse a hanya, ki bar ta haka.

Ki yafe mini abin da na yi miki, na sani da wanda ban sani ba.

Yayanki mai ƙaunarki,
Akawu